Ɗigo Uku Bayan La'asar

Birnin Gwari,
9 ga Oktoba, 2021.

Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Baba, da fatan kana lafiya, kai da ruwan da kake yawo a kansa. Ya jikin Gwaggo? An ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Mu nan alhamdu lillahi. Idon Baba dai sai a hankali, yanzu da murya yake gane mutum. Damina ta yi kyau, amma wanda gonarsa ta wuce bakin gari sai dai ya hango dawarsa daga nesa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Kwana goma ke nan da aka katse mana layin waya, wai don a toshe wa mutanen daji kunne. Usama direba yana bin ayarin motocin da ake rakawa Kaduna, shi zai ɗauki hoton wasiƙar nan ya tura maka idan ya isa inda akwai sabis. In ka ba da amsa, ya buga ta a takarda ya kawo mini. Mun koma zamanin Baba, kan sarki kawai ya rage.

Abin da ya sa na rubuto, ban san ta inda zan kama shi ba. Wata goma sha huɗu ke nan da aka ɗauke Salmanu a hanyar Randagi, ranar da ya je haɗa musu solar rijiya. Ka san sau biyu mutanen dajin suka kira, daga nan shiru. To Yaya, yau kwana takwas ke nan Salmanu yana kiran Baba kullum bayan la'asar.

Ka tuna tsohuwar rediyon nan mai nauyin dutsen niƙa, wadda Baba ya taso da ita daga gidan waya lokacin da aka daina aikin tangarahu? Da wayar da yake kwana da ita a ƙarƙashin filo ta zama ba ta da amfani, sai ya sa aka fito da rediyon, aka haɗa ta da batirin mota, aka ja waya daga mangwaro zuwa dalbejiyar bayan gida. Na ɗauka labarai yake so. Sai na ga ya wuce duk tashoshin Hausa, ya je can wani wuri a gajeren zango inda babu komai sai shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. A cikin shuuu ɗin nan akwai wata 'yar ƙara siririya: tit-tit-tit. Ta yi shiru tsawon numfashi ɗaya. Tit-tit-tit. Ba ƙari, ba ragi.

Kai ma ka san ɗigo uku. Tun muna yara da Baba ke buga cokali a kwano yana kiran kowa da harafinsa na tangarahu, ni K, kai J mai tsawon da kafin a gama buga shi tuwo ya huce. Ɗigo uku kuwa S ne, na Salmanu. Ranar farko Baba ya ce, "Karima, zo ki ji sunan ƙaninki." Ina tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu, ban san lokacin da ludayin ya faɗi ƙasa ba.

Tun daga ranar, da an idar da la'asar zai zauna gabanta har a kira magariba. Maigidana, Abban su Sadiq, ya aiko daga Zariya in taso da Baba mu koma can, yara suna ta tambayata. Baba ya ce ba inda za shi.

Ni ga abin da nake saƙawa. Salmanu ba abin lantarkin da ba ya gyarawa. An ce mutanen nan ba sa sakin wanda ya iya gyara musu oba-oba, rediyon hannun da suke magana da juna da ita. Shin zai yiwu ya sami yadda ya haɗa wani abu a ɓoye? Kai ne ma'aikacin na'urorin jirgi, kai za ka sani.

Ƙanwarka,
Karima.

*

Onne, kusa da Fatakwal,
12 ga Oktoba.

Karima taubashiyata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, yau ma ta fi ta kullum. Allahu akbar! Ina bakin tasha muna lodin bututu hoton takardarki ya shigo. Da na kai layin ƙarshe, inda kika ce Salmanu yana kiran Kawu, a nan kan siminti na yi sujada, abokan aiki suka ɗauka faɗuwa na yi.

Amma ke ma dai, labari irin wannan ki yanke shi a nan, ko sa hannu babu? Da wace waya yake kira alhali kin ce babu layi? Ke kin ji muryarsa? Yana cin abinci? Sun faɗi abin da suke so? Duk abin da ake ciki ki sanar da ni, kada ku ɓoye mini komai don ina nesa.

Na kira Inna a Kaduna na gaya mata, ta yi kuka har na ji tsoro, yanzu haka tana can tana rabon waina. Ki gaishe da Kawu, ki ce masa haƙurinsa bai faɗi ƙasa ba. In Salmanu ya sake kira, ki ce masa takalmin ƙwallona da ya ara shekara shida ina nan ina jira.

Gobe da asuba za mu fita teku, sati shida. Sabis a can sai an dace.

Yayanki,
Ja'afaru.

*

Birnin Gwari,
19 ga Oktoba.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Baba ya ɗan yi mura amma ya warware.

Shafi biyu na rubuta maka, ɗaya ya isa. Usama ya rantse ya ɗauki duka biyun, da ya duba wayarsa sai ya ga na biyun bai tafi ba. Ga shi nan na sa ya sake turawa, ka karanta shi kafin ka ci gaba da wannan. Ba wanda ya ji muryar Salmanu. Ka yafe mini, ni na gina maganar a karkace.

Amma magana zarar bunu ce. Gwaggo ta aiko da saƙon barka ta bakin wata mata da ta biyo ayari, matar kuma ta fara sauka a kasuwa. Ranar Juma'a gidanmu ya cika. Baba yana zaune a zaure ana shigowa ana "barka, Malam Nu'uman", shi kuma yana cewa "ba haka ba ne", ba mai saurare. Wata tsohuwa da aka ɗauke mata jikoki biyu ta kama mini zani ta ce in Salmanu ya kira in tambaye shi ko ya gan su. Wasu kuwa ba barka ta kawo su ba. Na ga masu ɗaga kai suna bin wayar da ke kan mangwaro da ido. Jiya a bakin famfo, da na iso aka yi tsit.

Ga abin da nake roƙo. Baba ya ce lambar wurin ita ce 10872. In rediyon jirginku tana kaiwa can, ka saurara gab da faɗuwar rana. In daga dajin nan ne, ai ba zai kai teku ba, ko?

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Abin nan ya bi ni. Ina jin sa a taɓaryar maƙwabta, ina jin sa a ɗigon indararo. In na kwanta rigingine sai in ji shi a cikin haƙorana. Shekaranjiya Baba ya tafi masallaci ya bar ta a kunne, na zauna a kujerarsa, na sa yatsa na buga K a kan tebur, dogo, gajere, dogo. Yaya, wallahi ta yi shiru. Shuuu kawai. Na janye yatsana daga kan tebur. Can sai ta dawo, a hankali, kamar mutum yana tahowa daga nesa.

Karima.

*

A teku,
6 ga Nuwamba.

Karima,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, da fatan ku ma haka. Shafin da ya ɓata da wasiƙarki ta biyu tare suka shigo jiya, da muka matso inda akwai sabis. Na karanta, na rasa inda zan sa kaina. Ni na kunna wutar nan da gaggawata. Na kira Inna na warware mata, amma na san wanda ya ji barka ba lallai ya ji warwara ba.

Na yi abin da kika ce. Da rana ta kusa faɗuwa na hau ɗakin tuƙi, na roƙi mai gadin lokacin ya bar ni da babbar rediyo, na sa lambar. Karima, ni ma na ji shi. Tit-tit-tit, kamar yadda kika kwatanta.

Ki daure ki karanta sauran. Akwai wani dattijo a jirginmu, babban injiniya, daga ƙasashen can na kusa da Rasha ya fito. Ya shigo ya same ni da abin a kunne, ya saurara, ya yi murmushi kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce tun yana saurayi yake jin sa, kafin a haifi Salmanu da shekaru. Tasha ce a can ƙarshen arewacin Rasha, bakin tekun ƙanƙara, inda in sanyi ya shigo rana ba ta fitowa. Ana kyautata zaton ta sojojin ruwansu ce. Ba ta faɗin komai sai harafi ɗaya, dare da rana, kuma ba mutum ke bugawa ba, inji ne. Masu ita ba su taɓa bayyana amfaninta ba. Shi dai a ganinsa alama ce ga jiragensu, su san hanyar magana a buɗe take. Shirun da kika ji, haka gajeren zango yake, iska na kawo shi tana ɗauke shi. Ba amsa ba ce.

Na san za ki ce wa ya sani. To ki gwada da kanki. Ba ita kaɗai ba ce a wurin, suna da yawa, kowace da garinta da harafinta, a jere kamar rumfunan kasuwa. Ki kasa kunne ƙarƙashin S ɗin, ki murza maɓallin kamar kaurin gashi ɗaya. Za ki ji D, za ki ji C, wata rana har P.

Ban faɗi wannan don in ce Salmanu ba ya raye ba. Allah kaɗai ya san wannan. Amma ba shi ke bugawa ba. Ki karanta wa Kawu takardar nan duka, a hankali. Sannan don girman Allah ku sauke wayar nan daga kan bishiya. Gari babu layi, ana kashe mutane kan zargin kai wa 'yan daji labari, ku kuma ga waya a sama ga ƙara na fita daga ɗaki. Wannan ya hana ni barci fiye da komai. Ku tafi Zariya.

Ja'afaru.

*

Birnin Gwari,
14 ga Nuwamba.

Yaya Ja'afaru,

Muna lafiya. Saƙonka ya iso.

Na karanta wa Baba har inda ka ce kai ma ka ji shi, na ninke takardar. Ya ce, "Madalla, ashe rediyon jirgi tana da kunne. Shi ke nan abin da ya ce?" Na ce sauran gaisuwa ce. Yau shekarata talatin da bakwai, ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba sai ranar, ga shi idon ma ba ya gani.

Na gwada abin da ka ce. Da ma ban gwada ba. Suna nan, Yaya. Ƙarƙashin na Salmanu akwai wata mai kauri, dogo da gajeru biyu. Bayanta akwai wata can ƙasa-ƙasa, sai ka riƙe numfashi za ka ji ta. Kowace tana ta faɗin abu ɗaya, ba mai amsa wa wata. Ka ce injuna ne, na ji. Amma ni da na zauna a ɗakin nan, rana na faɗuwa ta wajen dajin Kamuku, abin da na ji shi ne mutane a ɗaure a cikin duhu, kowa na kiran sunansa. Na tuna tsohuwar nan da jikokinta. Na kashe rediyon na fita tsakar gida, ƙarar ba ta mutu ba.

Na yi fushi da kai kwana biyu, sai na tuna ni na ce ka bincika. Wayar tana nan a kan mangwaro. Ka ce in sauke ta, to da wane baki? Mutumin nan tun da ya fara zama gaban rediyon nan ya koma cin abinci. Ka ba ni lokaci.

Karima.

*

Birnin Gwari,
22 ga Nuwamba.

Yaya,

Kafin komai, duk muna lafiya, ba wanda aka taɓa. Ka karanta da kwanciyar hankali.

Abin da ka ji tsoro ya zo. Ranar Laraba an tare masu girbi a yamma da gari, an kashe uku. Ranar Alhamis da hantsi ina shanya, sai ga 'yan sa-kai sun fi goma, da mai unguwa a bayansu yana haki. Ɗaya ya hau mangwaro ya datse wayar da adda. Biyu suka shiga ɗakin Baba suka kinkimo rediyon suka dire a ƙofar gida. Kafin ka ce kwabo layinmu ya cika. Na ji wani daga baya yana cewa, "Dama an ce ɗansu na can yana musu aiki."

Shugabansu Abdulkahar ne, wanda suka yi firamare da Salmanu. Ƙaninsa Munzali na cikin waɗanda aka kashe, idonsa jajir. Ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Baba, gari duk ba waya, an ce kai kullum kana magana da daji. Da wa kake magana?"

Baba ya ce, "Abdulkahar ne? Allah ya jiƙan Munzali. Wannan akwatin ba ta da baki, ɗana, kunne kawai gare ta."

Wani ya ce a tafi da shi a bincika. Ka san wanda aka tafi da shi a irin wannan rana. Ban san lokacin da na ruga ɗaki na zaro takardarka daga ƙarƙashin katifa ba. Na tsaya gaban mutanen unguwa na karanta ta da ƙarfi, daga Rasha har inji har tekun ƙanƙara, ina karantawa ina kallon Baba, ina jin kamar da hannuna nake zare masa numfashi. Mai unguwa ya karɓa ya duba. Aka kirawo wani mai gyaran rediyo ya buɗe bayanta, ya ce gaskiya ne, wannan ba ta aika komai. Abdulkahar ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi ya ce a mai da ita ciki. Da zai tafi ya ce, "Baba, ka yafe." Wayar dai sun tafi da ita.

Da aka watse na durƙusa gaban Baba ina kuka ina ba shi haƙuri. Sai ya lalubo kaina ya ce, "Haƙurin me? Ai na sani."

Na ce, "Ka san me, Baba?"

Ya ce, "Karima, shekara ashirin da biyu ina karɓar saƙo. Ko ban ga mutum ba, in ya buga zan gaya miki na Minna ne ko na Gusau, zan gaya miki ko ya yi faɗa da matarsa. Hannun mutum yana gajiya, yana tuntuɓe. Wannan tun ranar farko na ji ba hannu ba ne."

Na ce to me ya sa yake zama.

Ya ce, "A garin nan duk wanda zai ambaci sunan yaron nan sai ya rage murya, kamar yana tsallake kabari. Har ke. Wannan abin kaɗai ke faɗinsa sarai, ba ya haɗawa da 'Allah sarki'. Na ce miki zo ki ji sunan ƙaninki. Ban ce miki shi ne ba."

Yaya, na koma na bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, gaskiya ya faɗa. Bai taɓa cewa Salmanu ne ba. Ashe duk gidan nan mutum ɗaya ne ya yarda, kuma ni ce. Takardarka da na ɓoye, ba shi na ɓoye wa ba.

Maganar Zariya kuwa, ya ce ba rediyo ta riƙe shi ba. Wai in yaron ya kuɓuto ya iso ƙofar gida ya tarar da kwaɗo fa?

Ƙanwarka,
Karima.

*

Onne,
27 ga Nuwamba.

Karima,

Alhamdu lillahi da Allah ya tsare. Na karanta sau uku, kowane karo sai na tsaya a inda Abdulkahar ya tsuguna. Mun dawo tudu lafiya. Na nemi hutu, sun ce sai Janairu.

Ki gaya wa Kawu na ji kunya. Ni da na koyi harafin farko a gindin kujerarsa, na zauna ina masa bayanin inji.

Kada ki zargi kanki. Ni da na san komai game da tashar nan, sauran kwanakin da muka yi a teku ba yammacin da ban hau na saurara ba. Injiniyan nan har ya daina tambayata.

An ce an fara sakin layi a wasu wurare. Da ya iso wurinku, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Yayanki,
Ja'afaru.

*

Birnin Gwari,
19 ga Disamba.

Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ni da Baba muna lafiya. Layi yana ɗan leƙowa in an hau tudun makaranta, na kuma san Abban su Sadiq ya riga ya kira ka ya faɗa maka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Amma Baba ya ce a rubuta maka yadda aka yi, don akwai abin da ba na waya ba ne.

Ranar Litinin da ta wuce, da azahar, wani mutum ya yi sallama. Ramamme, ƙafarsa ta dama duk tabo a idon sawu. Ya ce sunansa Ishaya, manomi ne daga wani ƙauye bayan Randagi, yana neman gidan mai tangarahu. Shekara ɗaya da wata biyu ya yi a hannunsu yana musu noma, ya gudo lokacin girbi. Sati uku ya kwanta a asibiti, da ya iya tsayuwa nan ya fara zuwa.

Na kawo masa ruwa bai sha ba. Ya zauna a ƙasa gaban Baba ya ce, "Baba, ni da ɗanka sarƙa ɗaya aka sa mana. Wata biyar, ƙafata da ƙafarsa."

Baba ya ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Cikin azuminku na bana. Kwana goma sha biyu da farawa. Zazzaɓi ne. Na ce ya sha ruwa, ya ce sai rana ta faɗi."

Ka lissafa, Yaya. Wata biyar kafin a fito da rediyon nan daga ɗaki.

Ishaya ya ce da Salmanu ya ga jikin ba na tashi ba ne, shi ya koya masa yadda zai yi: yadda ake wanka, da yadda za a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar gabas. Sun bar shi ya haƙa, shi da wani bawan Allah da ba ya raye yanzu. Babu likkafani, rigarsa ya tuɓe ya rufe masa fuska. Ya ce, "Ban san addu'arku ba, Baba. Tawa na yi."

Baba ya ce, "Wanda ka roƙa ya san abin da kake nufi. Allah ya saka maka."

Har nan Baba bai zubar da hawaye ba. Sai da Ishaya ya sha ruwan, ya ɗan huce, ya ce akwai abin da yake so ya tambaya. Ya ce kullum da yamma, in an dawo da su an ɗaure, Salmanu sai ya ɗauki tsakuwa ya yi ta buga sarƙar. Uku, ya tsaya. Uku, ya tsaya. Har masu gadi suka taɓa dukansa a kai, bai bari ba. Ishaya ya tambaye shi ko wuridi ne, ya ce a'a, sunansa ne, babansa yana ji. "To Baba," in ji Ishaya, "ka ji kuwa?"

Ni dai na dafa bango. Baba ya ce, "Buga mini yadda yake yi."

Ishaya ya sa gaɓar yatsa ya buga a kan daɓe. Biyun farko a manne, na ukun ya ɗan makara. Ya sake, haka dai.

Baba ya ce, "Shi ne. Tun yana ɗan shekara bakwai nake faɗa da shi a kan na ukun nan." Daga nan ya kifa kansa a gwiwa. Ban taɓa jin kukan Baba ba, ko ranar da Mama ta rasu. Ishaya ya matso ya riƙe masa hannu, suka daɗe a haka.

An yi addu'a, an yi zaman makoki, Abdulkahar ne ya kafa rumfa. Ranar Laraba za mu bi ayari zuwa Zariya. Baba da kansa ya ce a haɗa kaya. Rediyon ya ce a bar ta a ɗakin.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kwana biyu Ishaya ya yi a gidanmu, Baba ya sa shi ya yi ta maimaita kwatancen wurin har ya haddace, ni kuma na rubuta. Ga shi kamar yadda ya faɗa:

A shiga ta yammacin Kamuku, ta mashigin da shanu ke tsallake rafi. A bi ruwan ana hawa, tafiyar kamar awa biyu a ƙafa, har inda manyan duwatsu biyu suka haɗa kai, ruwa na bi ta ƙarƙashinsu. A hau gaɓar hagu. Akwai bishiyar ƙirya da tsawa ta tsaga biyu, rabi ya bushe, rabi yana ganye. Daga gindinta taku bakwai gabas. An jera fararen duwatsu a wajen kai, an kafa ruwan tsohuwar fartanya a wajen ƙafa.

Baba ya ce kada ka bar wannan a cikin waya, waya tana faɗawa ruwa. Ka kwafe shi da hannunka a takarda mai kyau, ka ajiye inda kake ajiye takardun haihuwa. In 'ya'yanka sun yi wayo ka karanta musu. Ya ce shi ba zai gani ba, wataƙila mu ma haka, amma ba dajin da ba ya kwanciya. Ranar da ya kwanta, a samu wani daga cikinmu ya je ya tsaya a wurin ya yi masa sallama.

Ka gaishe da Gwaggo, ka lallashe ta.

Ƙanwarka,
Karima.